Sirdin Mai Ƙwai

Babur ɗin ya sake kwanciya da ita a ƙofar gidana, wannan karon har da kiret ɗin ƙwai a baya. Ina zaune ina matsa gwiwata mai ciwo, sai ga gwaiduwa ta gangaro ta nufo takalmina. Na ɗage ƙafa. Ita kuwa Guntuwa ko kuka ba ta yi ba. Ta zare ƙafarta daga ƙarƙashin babur, ta zauna a ƙasa tana kallon ɓawon ƙwai.

Ni na laƙaba mata Guntuwa tun shekarar da suka tare a gidan da ke kallon nawa, sunan kuma ya bi ta. Mace ce da sai ta taka bokiti take sauke shanya. Mijinta, Mai Ƙwai, dogo ne har yana rusunawa a ƙofar ɗakinsa. Kaji suke kiwo a bayan gida. Ita ke share keji ta tsince ƙwai, shi ke lodawa ya kai shaguna. Babur ɗin irin mai fili a gaba ne inda ake jera ƙafafu, amma sirdinsa tudu guda, daidai mai shi. Da shi suke ci, da shi 'yan matansu biyu ke zuwa makaranta.

Yana tsaye dafe da bango yana kallonta. Da a da ne, da hannu ɗaya zai ɗaga babur ɗin. Yanzu ciwo ya cinye shi, riga tana yawo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Suna ce wa mutane gyambon ciki ne. Ni dai na yi jinyar nawa mijin, na san kalar idon.

Na ce masa ya ƙyale baiwar Allah haka nan, kafin ya kashe ta ya bar mu da kaji. Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari.

"Ba tuƙin ne ya gagare ta ba, Iya. Tsayawar ce. Ƙafarta ba ta kai ƙasa."

Washegari ya kunce sirdin, ya zauna da shi a inuwar ƙofa. Ya ɓamɓare fatar, soso ya fito jawur da tsufa, ya ɗauko wuƙar yanka burodi ya shiga fere shi siriri-siriri. In ya yi yanka biyu sai ya jingina kai da bango ya lumshe ido, har in ɗauka barci ya yi. Kafin azahar na ba mai shago labari, na ba matar tela, cewa Mai Ƙwai ya zauna yana yanka babur kamar burodi. Matar tela ta ce ciwon ne ya hau masa kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma na kai maganar gaba.

Ga yadda yake awonsa. Zai mayar da sirdin, ya kira ta, ta hau tana ƙunƙuni wai kaji na jira. Sai ya durƙusa a hankali ya tura hannu ƙarƙashin diddigenta. Ranar farko dunƙulen hannunsa gaba ɗaya ya shige. Ya cire sirdin ya ci gaba. Ya fere gefe da gefe ma, wai faɗi yana cin ƙafa kamar yadda tsayi ke ci. Da dutsen goge kaushinta yake sumulce wurin, ta yi ta nemansa a banɗaki tana zargin yaran. Bakanike ya zo ya sassauta shokazoba ta baya don babur ya ƙara sauka, ya ce iyakarta ke nan, in aka ƙara taya za ta riƙa gugar jiki.

A wannan tsakanin ƙanensa, direba, ya fara yawan zuwa dubiya. Dogo ne shi ma. In ya zo, kallon da yake wa babur ya fi wanda yake wa majinyaci. Ya ce kada su damu, shi zai riƙa kai ƙwan don taimako. Ni kuwa na san taimakonsa. Haka ya taimaki keken ɗinkin uwarsu, har yau keken bai dawo ba. Da ya ga guntayen soso a ƙasa sai fuskarsa ta sauya.

"Yaya, ai ka lalata abu."

"Daidai mai shi nake yi," in ji Mai Ƙwai, bai ko ɗago ba.

Wata la'asar Guntuwa ta shigo wurina aron gishiri, gishirin da na san tana da shi. Ta zauna a bakin gadona, ƙafafunta na reto. Ta ce ta gaji. Ta gaji da warin magani, ta gaji da kukan kaji, ta gaji da wankin zanen gado, ta fi gajiya da wannan hawa da sauka.

"Duk hawan da na yi, Iya, ji nake kamar na yarda ne zai tafi."

Na ce mata ta hau ko ba ta hau ba, ba ita ake tambaya ba. Ta tashi ta bar gishirin. Wannan kam ban kai wa kowa ba sai yau.

Awon ƙarshe a kwance ya yi shi. An shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, ta turo babur kusa da shi ta hau. Soson ya zama kamar tafin hannu, har robar ƙasa tana leƙowa. Ya miƙa hannu ƙarƙashin diddigenta. Yatsa ɗaya ya shige.

Ta ce ya isa haka, za ta riƙa ɗaga diddige. Ya ce shi ƙwai bai san wannan ba. Ta sauka ta shige wurin kaji da sauri, na san ba kajin ne suka kira ta ba.

Ya yafito ni. Na ja gwiwata na tsallaka titi. Daga ƙarƙashin matashinsa ya zaro takalmanta na fita, ashe shi ya ɓoye su. Ya ce in kai wa mai gyaran takalmi ya ƙara musu ƙasa, kaurin yatsa guda. Ya ɗaga yatsan ya nuna min, siriri kamar tsinken tsintsiya.

"Wanne? Naka na yanzu ko na da?"

Ya dubi yatsan kamar na wani ne.

"Na da, Iya."

Da hantsi Mai Ƙwai ya cika, bayan kwana biyu, tana bayan gida tana tsince ƙwai. Babbar 'yarsu ce ta fito ta tsaya a tsakiyar titi ba takalmi, kajin kuma suna ta kuka kamar kullum. Da aka naɗe tabarmar, wuƙar burodin na ƙarƙashi. Allah ya ji ƙansa.

Mutane ba su gama ɗaukewa ba direba ya ce bari ya ɗan zaga da babur kada batir ya mutu. Ya hau. Gwiwoyinsa suka tokare kan babur, ya koma kamar wanda ya tsuguna a kan bokiti. A kwanar layinmu akwai wani rami da kowa ya sani. Muka ji ya faɗa cikinsa. Can sai ga shi ya dawo yana turo babur, yana tafiya a tale kamar mai maruru. Ya ce wannan ko kyauta ba mai karɓa, ya ajiye makulli a kan sirdi ya tafi. Na cusa fuska a mayafi. Matar tela ta ɗauka kuka nake, ta riƙa shafa min baya.

Takalman na kai mata da kaina. Da tsohuwar taya mai gyaran ya yi musu ƙasa, baƙi, mai nauyi, ba kyan gani. Ta juya su ta sake juyawa. Ba ta tambaye ni ba, ni ma, abin mamaki, ban buɗe baki ba.

Ranar da ta fara fita ina ƙofa tun da sassafe. Yaran suka ɗaure mata kiret a baya, ta tayar, ta tafi a hankali, ta kauce wa ramin. A kwana ta taka birki. Ba mota, ba mutum, ko akuya babu. Ta sauke ƙafafu biyu, suka zauna daram a ƙasa. Ta jima a haka, injin na ƙugi ƙasa-ƙasa, ba ta waiwayo ba. Sannan ta ɗage su ta sha kwana.

Guntayen soson suna nan a gindin bangonsu. Ba wanda ya share.