Abin da Jinin Nomau Ya Nuna

Ina riƙe da kwanon kunu a bakin ɗakin majinyata lokacin da lokotoro, wato likita, ya janyo Idirisu gefe. Ban yi laɓe ba, wallahi, a gabana suka tsaya. Idirisu wan Nomau ne. Nomau kuwa maƙwabcina ne a Zango, baduku, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ne kwance a ciki tun ranar da ƙirjinsa ya riƙe, ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa.

Lokotoron bai yi Faransanci ba, Hausa ya yi tsaf. Ya ce ciwon zuciya ne. Sun auna jininsa, akwai wani abu da ke hawa a jini idan jiki na fama da kumburi ta ciki, na Nomau ya hau sosai, ya ƙi sauka. Masu irin wannan, in ji shi, su ne ciwon ya fi komo wa.

"Zafin ƙirjin ya lafa, amma jinin bai lafa ba. Ko buta kada ya ɗaga. Ku faɗa masa."

Idirisu ya gyaɗa kai, ya shiga, ya zauna a bakin gado. Nomau ya tambaye shi me aka ce.

"Sauƙi ya samu, ƙanena. Ɗan hutu ne kawai."

Saura kaɗan in saki kwanon. Na tare Idirisu a waje, ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Wai tun kaka da kakanni ba a kai wa majinyaci mugun labari, fargaba ke kashe mutum kafin ciwo. Wai kuma ni maƙwabciya ce, ba dangi ba. Zuliha matar Nomau na tsaye tana jin mu, ta sunkuyar da kai. Ina ita ina ƙaryata wan miji?

Ni dai bakina ba ya ajiya. Da aka sallamo Nomau na shiga gidan, na zayyana masa duk abin da na ji. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi 'yar dariya.

"Kande, ke dai akwai tsoro. Yaya ne aka faɗa wa. Ƙarya zai yi mini?"

Shekarar ce fari da fara suka haɗu mana. A Gaffati, inda gonarsa ta gado take, rumbuna ko zangarniya babu. Wanda bai ci ba ai ba ya ɗinka takalmi, rumfar Nomau ta mutu murus. Zuliha na jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, tana dafa wa yara. Amma irin geronsa na cikin tulu, ya liƙe bakin da laka, ya ce ko kukan wa ya ji ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka.

Sai ga ruwan. Gari na wayewa na ji ana fasa laka ta bayan katanga. Na fito ko mayafi ban gyara ba, na iske Nomau a ƙofar gida da sungumi a kafaɗa, ɗan kabu-kabu na jira da babur ɗinsa. Na roƙe shi ya ba wani irin ya shuka masa. Ya ce yau kowa gonarsa ya nufa, danshi kuma ba ya jiran mai hutu. Idirisu na nan tsaye, shi ma da nasa sungumin. Na zuba masa ido. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya kau da kai, ya ce Allah ya ba da damina mai albarka.

Kafin la'asar aka dawo da Nomau cikin tabarma. Zuliha ta ce yana sara, tana binsa tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Can sai ya dogara da sungumin, ya ce bari ya ɗan zauna.

A zaman makoki Idirisu ne ke karɓar gaisuwa, yana ta faɗa wa mutane kwana ne ya ƙare. Ban musa ba, ni ma musulma ce. Amma har yau in na hango rawaninsa a kasuwa sai in sake hanya.

Da aka yi sadakar arba'in, Zuliha na cikin takaba, lalura ta sa na raka ta Gaffati. Geron ya tashi, layi-layi, kore shar, har tsakiyar gonar. Daga nan zuwa iyaka rairayi ne fari fat. Ta tsaya a inda layin ƙarshe ya katse, ta daɗe, sannan ta tsuguna ta fara cire ciyawa.