Tarin Farar Goɗiya

Da hantsi tarin ya fara, sau biyu, busasshe ƙayau kamar ana buga fankon gwangwani. Tsohon ya ji shi daga kan bencinsa na bakin ƙofa, ya kuma san maƙogwaron da ya fito. Farar goɗiya ce, wadda aka haifa a hannunsa shekara tara da suka wuce. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Abin da yake jira ke nan.

Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da bargar nan kafin a ɗora masa manaja. Manajan kuwa ba bare ba ne, ɗan ƙanwarsa ne, wanda shi da kansa ya kai gaban uwar ɗakinsu, mai dawakin, ya ce ga ɗansa ya gama karatun kiwo, a taimaka masa. Ba a cika wata uku ba, ɗan ƙanwar ya tarar da shi yana tsoma damin ingirici cikin rabin duro na ruwa, kamar yadda ya saba yi wa goɗiyar kullum.

"Kawu, wankin ciyawa kuma? Dawaki muke kiwo ko agwagi?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya, har da mai kwashe kashin dawaki. Tsohon ya buɗe baki zai yi bayani, manaja ya ɗaga masa hannu, ya sa ƙafa ya kifar da duron. Wai jiƙa ciyawa yana wanke amfaninta, haka yake a littafi. Kafin mako ya zagayo aka ce shekaru sun ja, Kawu ya koma gadi ya huta.

Bayanin da ya haɗiye ran nan, ya rantse ba zai sake fito da shi ba. Tun tana ƙarama ƙirjin goɗiyar ba ya shiri da ƙurar busasshiyar ciyawa. Duk maganin bai wuce a jiƙa ciyawar rabin sa'a, a tsame, a zuba mata a ƙasa ta ci kai sunkuye, in za a yi shara kuma a fitar da ita waje. Bai taɓa koya wa kowa ba, don bai taɓa zaton za a raba shi da ita ba. To, mai littafi ya nemo a littafi.

Ya kuwa nema. Ya ce mura ce, ya ɗirka mata allura. Ya rufe tagogin ɗakinta don kada iska ta buge ta, ya rataya mata ragar ciyawa sama da kai don tsabta, duk fizgar da ta yi sai ƙura ta zubo mata a hanci. Tarin da ake ji sau biyu ya koma sau goma. Tsohon yana ƙirgawa daga bencinsa, kowane ɗaya yana yi masa daɗi har cikin ƙashi. Uwar ɗaki ta yi doguwar tafiya, amma ai za ta dawo, kuma duk bargar babu dabbar da take so kamar wannan.

A wata na biyu da fara tarin manaja ya zo bakin ƙofa shi kaɗai, yana ta jujjuya makulli a yatsa.

"Kawu, ka taɓa jin ta tana irin wannan tarin?"

"Wa?"

"Goɗiyar mana."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. A gaban mutum bakwai aka ci mutuncinsa, yanzu kuma an lallaɓo ana so a saye shi a ɓoye. Ya so a tara ma'aikatan nan, a ɗauko duron, a ce Kawu yi haƙuri.

"Dabba ai takan yi tari," ya ce. "Me littafin ya ce?"

Manaja ya juya. Bai sake tambaya ba, gadon taurin kai dama ta wajen uwa ya yi shi.

Kullum da yamma ana wucewa da dawaki ta ƙofarsa zuwa fili. Goɗiyar takan ja tunga, ta miƙo baki tana shinshinar aljihunsa. Ya ga hancinta yana buɗewa fiye da ƙima, ya ga cikinta yana matsawa sau biyu kafin numfashi ɗaya ya fita. Hankalinsa ya tashi, gaskiya ya tashi. Amma ya ce a ransa saura kaɗan, ranar da aka kori wancan, mako biyu ya ishe shi ya gyara ta.

Sai bayan wata biyar uwar ɗaki ta dawo. Tari ɗaya ta ji ta sa aka kira likitan dabbobi. Likita ya daɗe da abin sauraro a haƙarƙarin goɗiyar, sannan ya bi wani kwarmi da ya fito a gefen cikinta da yatsa.

"Wannan layin wahalar numfashi ce ta zana shi. Huhun ya riga ya taɓu, za ta rayu, amma ta gama ɗaukar sirdi. Da tun farko an riƙa jiƙa mata ciyawa, da ba mu zo nan ba."

A gaban ma'aikata bakwai ɗin nan uwar ɗaki ta karɓe makullan barga daga hannun manaja, ta miƙa wa tsohon. Babu wanda ya yi dariya. Ya jira daɗin da ya yi wata biyar yana tanadi, daɗin bai zo ba.

Ba a riga an naɗa sabon maigadi ba, don haka shi ya je ya buɗe wa ɗan ƙanwarsa ƙofa. Ɗan ƙanwar ya tsaya da jakarsa a kafaɗa, idonsa ja.

"Kawu, ni ban sani ba," ya ce a hankali. "Kai fa ka sani."

Ya fita. Tsohon ya tura ƙofar, sai a karo na uku sakatar ta shiga.