Murfin Fulas

Da murfin fulas ɗin shayi aka yi jan maɓallin tsayar da inji. A gabana Shugaban Sashe ya kwance shi daga kan fulas ɗinsa, ya goge da gefen riga, ya shafa masa gam, ya manna a ramin da ke gaban injin sassaƙar ƙarfe, sannan ya ja da baya yana kallonsa kamar wanda ya gama ginin gada.

"Dakta, dubi nan. Wa zai ce ba daga kamfani ya zo haka ba?"

Na duba. Ja ne, zagayayye, har da ƙyalli. A gaskiya ya fi na cikin littafi kyau.

"Ranka ya daɗe, idan aka danna fa?"

"Ba matsala."

Da wannan kalma ya shugabanci sashen injiniyan injuna tun ina da gashi a tsakiyar kai, har ɗalibai suka manta sunansa suka koma kiransa Ba-Matsala. Ni kuma Dakta Alli suke ce mini, don duk injin da na taɓa koya musu, da alli na ƙera shi a kan allo, da tsumma kuma na rushe shi. Injunana ba su taɓa lalacewa ba, ba su taɓa shan mai ba, ba su taɓa ji wa kowa ciwo ba.

Washegari masu tantancewa za su zo. Su ne ke zagaya makarantu su ga ko akwai kayan aikin da ya isa a kira wanda ya fito daga wuri injiniya. Idan suka ce babu, takardar duk ɗan ajin ƙarshe ta zama abin kunna gawayi. Namu injunan sun daɗe da mutuwa, ɓeraye ma sun yi jikoki a cikinsu. Saboda haka aka yi abin da aka saba: aka yi wa matattun fenti, aka kuma ɗauko hayar mai rai guda ɗaya daga wurin wani ɗan kwangila. Ya zo a babbar mota, lulluɓe da tamfol, yana aiki ƙalau. Abu ɗaya ya rasa. Koren maɓalli yana tayar da shi, amma na tsayarwa an ciro shi tun a wata makarantar, an haɗa wayar kai tsaye. Idan ya tashi, sai an je can jikin bango an sauke babban makunni yake tsayawa.

"Abu mai sauƙi," in ji Ba-Matsala. "Ɗalibi zai danna ja, mutum ɗaya yana jikin bango ya sauke makunni a daidai lokacin. Baƙi su ga inji ya tsaya. A tafa."

"Wane ɗalibi?"

Ya yi murmushin da yake yi idan zai ba mutum aikin da ba lada.

"Wa ya fi kowa maki a ajin? Kuma mace! Ka san yadda baƙi ke son ganin mace a gaban inji. Ai ka haifa mana, Dakta."

Na buɗe baki. Ina so in ce na yi gardama, domin a cikin kaina na yi ta, mai zafi ma, har da buga tebur. Abin da ya fito fili shi ne, "To, ni zan tsaya a bangon."

* * *

Da yamma na tarar da 'yata a falo ta shimfiɗa farar rigar aikin da aka raba musu, tana guga. An sayo rigunan a jumla, duk girma ɗaya, kuma da alama da ɗan kwangilar aka gwada. Hannun rigar ya wuce yatsunta da kusan taƙi guda.

"Baba, dubi. Ni da wata za mu iya shiga."

Uwarta tana gefe tana tsintar shinkafa. Tun ranar da yarinyar nan ta kwance mata keken ɗinki tana 'yar firamare, ta kuma mayar da shi da ragowar ƙusa biyu a hannu, take kiranta Injiniya, da farko da baƙar magana, daga baya da alfahari.

"Injiniya, kawo in rage miki hannun."

"An ce kada a taɓa, Umma. Mayarwa za a yi jibi."

"Har rigar ma ta aro ce?"

"Ba aro ba," na ce, "haya."

Na jira uwar ta shiga kicin, sannan na zauna na gaya wa 'yata komai: wayar, bangon, murfin fulas. Ta yi dariya da farko har ta ajiye dutsen guga. Da ta ga ban taya ta ba, sai ta daina.

"Ki ce ba ki da lafiya," na ce. "Zazzaɓi. Ni zan shaida."

"Sai a sa wa?"

Ta amsa wa kanta.

"Sai a sa na biyu a aji, wanda bai san fulas ne ba. Shi kuma wa zai tsaya masa a bango? Babansa?"

"To in tashi a gaban baƙin in faɗi gaskiya."

Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsoho idan ya ce zai yi tsere.

"Shekara biyar, Baba. Akwai wanda gyaran babur yake yi da rana ya biya kuɗin makaranta. Akwai mai goyo. Idan aka kayar da mu, da wace fuska zan shiga aji? A ce babanta ne."

"Ba ki taɓa kunna irin injin nan ba."

"Na zana shi ya fi sau nawa. Kai ka ba ni maki." Ta ɗauki dutsen guga. "Mece ce shawara ta farko, Dakta Alli?"

Kowace shekara, ranar farko, kafin in ce musu su riƙa karatu tare, su kuma ƙulla abota da lissafi tun bai zama abokin gaba ba, abu ɗaya nake rubutawa a saman allo, in sa su maimaita har su gaji: kada ka kunna abin da ba ka san yadda ake kashe shi ba. Sannan in zana jan maɓalli, in sa kowa ya buga tafin hannunsa a kan tebur. Ba tunani, nake ce musu, hannu ne zai tafi da kansa.

"Na san yadda ake kashe wannan," ta ce. "Kai ne. Kada dai ka matsa."

Daga kicin uwarta ta ɗaga murya. "Me kuke ƙus-ƙus ne, uba da 'ya?"

"Darasi ne, Umma."

* * *

Ɗakin injuna yana warin fenti da turaren da aka fesa don a kashe warin fenti. Ɗalibai sun jeru cikin fararen riguna, kowa a gaban mataccen inji, an ce su riƙa taɓa abubuwa da alamar sani. Ni ina jikin bango, hannuna na dama a bayana, yatsuna a kan ƙarfen makunni. Na yi digiri uku, na je taruka, an taɓa buga sunana a mujalla da kuskuren harafi ɗaya kawai, ga shi yau na samu aikin da ya dace da ni. Na zama maɓalli.

Baƙin suka shigo da hantsi. Jagoransu wani farfesa ne gajere mai furfura, yana tafe hannuwa a baya, bai tambayi kowa komai ba. Shugaban makaranta yana gefensa, mai hoto yana gabansu yana tafiya da baya. Ba-Matsala yana ta zuba, yana zagaye da su ta nesa da injunan da fentinsu bai bushe ba.

"Ga kuma zakarar ajinmu."

'Yata ta gaishe su. Ta naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, na ga ta soke shi da fil. Ta bayyana sassan injin ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba ta rawa, da kalmomina, har da tarin da nake yi kafin in ce "a taƙaice". Ta ɗaure sandar ƙarfe a bakin injin. Ta waiwayo sau ɗaya, ba ta dubi fuskata ba, kafaɗata ta duba.

Ta danna kore.

Ban san haka yake da ƙara ba. A allo shiru yake juyawa. Ƙasa ta ɗauki rawa har cikin haƙorana, sandar ta ɓace ta zama haske, ɓawon ƙarfe ya fara fita a murɗe yana hayaƙi. Ɗaliban da ke gaban matattun injuna duk suka bar wasan suka juyo. Yawancinsu ranar suka fara ganin abin da za a ba su takarda a kansa.

"Kai, madalla!" in ji Shugaban makaranta. Sai Ba-Matsala, don neman suna, ya raɗa masa wani abu. Shugaban ya ɗaga murya. "'Yar Dakta ce? Ina Daktan? Me kake yi can kamar wanda aka sa horo? Zo nan, a ɗauke ku tare. Uba da 'ya!"

"Ranka ya daɗe, nan ma ya yi."

"Zo mana."

Ba-Matsala ya gane abin da bakinsa ya jawo. Fuskarsa ta yi fari, amma ba a gyara wa shugaba magana a gaban baƙi. Mai hoto yana yafito ni. Farfesan ya juyo yana kallona. Duk ɗakin yana kallona.

Ba ni na yanke shawara ba. Ƙafafuna ne, waɗanda suka shekara ashirin da ɗoriya suna tashi duk lokacin da babba ya ce zo. Na ce a raina, hoto ne, ƙiftawar ido. Na saki ƙarfen.

Ina tsakiyar ɗakin mai hoto ya ce, "Ɗan matso da hannunki kusa, kamar kina aiki." Ta miƙa. Fil ɗin ya ɓalle. Na ga farin hannun rigar ya sauko a hankali, ya rufe yatsunta, ya taɓa hasken nan mai juyawa.

Ba ta yi ihu ba. Injin ya fizge ta gaba, ta kai ɗayan hannun, ta buga jan maɓalli da dukan tafinta. Ta san fulas ne. Da bakina na gaya mata. Amma shekara biyar ina sa ta buga tebur, hannun ya tafi da kansa. Murfin ya ɓalle, ya yi tsalle, ya gangara tsakanin ƙafafun baƙi.

Ban san na iya gudu ba. Na faɗa kan makunnin da ƙirjina. Wuta ta yanke, amma injin bai tsaya nan take ba, ya ƙara juyi yana rage murya. A cikin wannan juyin na ji ɗinkin kafaɗar rigar ya kece, na kuma ji wata ƙara ƙarama, kamar an karya busasshen kara.

Da rigar mai kyau ce, da ba ta kece ba. Har yau ina yi wa ɗan kwangilar nan addu'a saboda arhar zarensa.

Tana zaune a ƙasa ta rungume hannunta, ƙawayenta sun kewaye ta. 

"Ba matsala," in ji Ba-Matsala, da wata siririyar murya. "Ɗan tsautsayi ne."

Farfesan ya sunkuya ya ɗauki murfin. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, inda shayi ya bar baƙin zobe. Na ce shi ke nan, ga hannu ya tafi, ga takarda za ta bi shi. Wani ɓangare na zuciyata ma ya ji sanyi. Ya tako har inda nake manne da bango, ya sa murfin a aljihun rigata, ya ɗan daddaɓa aljihun.

"Mutumin bango ba ya barin bango, Dakta," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Ko wa ya kira shi. Mu a wurinmu, kujera muke ba shi."

* * *

Mun ci tantancewa. An yaba mana musamman kan kayan aiki.

Ƙashin wuyan hannunta ya karye a wuri biyu. Likita ya ce zai haɗe, amma yatsu biyu ba za su ƙara damƙe abu sosai ba. Uwarta ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da na samu sauƙi. Ta daina dai cewa Injiniya. Ita kuwa yarinyar, a gadon asibiti, abin da ta fara tambaya shi ne ko an ci. Na ce an ci. Ta rufe ido ta ce, "To." Ba ta tambaye ni me ya sa na matsa ba. Ta san ni.

Ranar da aka zo ɗaukar injin ina aji da sababbin ɗalibai, tagar tana kallon ƙofar ɗakin injuna. Na ɗauki alli na rubuta rabin shawara ta farko, sai na ji ƙarar babbar mota. Leburori suna ɗaure shi da igiya, direba yana cewa su yi sauri, ana jiransa a wata makaranta kafin Litinin. A gaban injin an riga an manna sabon murfi, ja, ya fi na da girma. A bakinsa kuma, inda ba wanda ya damu ya duba, wani ɗan farin ƙyalle yana naɗe, iska tana kaɗa shi. Suka ja tamfol suka rufe.

"Malam," in ji wata yarinya a layin gaba, biro a hannu, "kada ka kunna me?"