Yara Hamsin na Malam Ubale

Zulaihat ta iso makarantar firamare tana haki, ta tarar har an jera yara a gindin darbejiya. Tas-tas da su, an shafe su da mai sai ƙyalli suke. Ta daɗe tana aiki a ƙaramin asibitin wannan ƙauye na bakin dam ɗin Tiga, ta san 'ya'yan masunta ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ko guda a layin.

"Malam Ubale, ina sauran yaran?"

Hedimasta ya gyara zaman hularsa. "Na sallame su tun da safe. Baƙi daga Kano, in jera musu yara ba yunifom, ƙafa duk taɓo? Haba! Ai sai a raina mu."

Baƙin masu binciken tsargiya ne, ciwon fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan dam. Za su gwada fitsarin yara hamsin. In kason masu cutar ya kai yadda aka ƙayyade, za a riƙa kawo wa garin magani kyauta duk shekara. In bai kai ba, sai wani zagayen, wanda Allah kaɗai ya san ranarsa.

Ta sami shugabansu, Dakta Mujitaba, yana wanke hannu a bayan mota.

"Ranka ya daɗe, waɗannan 'ya'yan 'yan kasuwa ne, da ruwan rijiya suke wanka. Masu shiga dam an kore su gida. Kullum ana kawo min su suna fitsarin jini."

"Sista, ƙuri'a muka yi. Duk yaron da ya zo, damarsa ɗaya da ta ɗan'uwansa."

"Wanda ya zo ke nan."

Dakta mutumin kirki ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, don ba ta da wanda za ta yi wa faɗa.

"Lissafinmu yakan bar wa kuskure ɗan wuri, sama ko ƙasa," in ji shi. "Amma ba na tsallake unguwa guda ba. Kwalaben da aka ba ni don garin nan sun cika, ga Kiru na jiranmu. Zan faɗa a ofis."

Yadda ya kau da kai, ta san ba za a saurare shi ba.

Yara biyu aka samu da cutar cikin hamsin. Kafin motar ta hau kwalta, Malam Ubale ya gama shelar cewa duk Bebeji babu garin da ya kai nasu lafiya.

A ƙofar asibiti ta tarar da Balaraba, matar wani masunci, wadda ta yi makonni tana zaryar neman wa ɗanta Sunusi magani. Yau sai fara'a take.

"Sista, mun ji albishir! Ashe jinin nan ba ciwo ba ne, girma ne kawai, yadda babansa ya ce."

"Balaraba, tsaya ki ji. Ina Sunusin?"

"Ai na sake shi. Tun azahar yana cikin ruwa."