Koli Arba'in Daga Maraɗi

Kai mai karatu, kada ka ce ba ka sani ba. Sau nawa ka wuce ta bakin iyakar Jibiya ka ga kaya jibge a rana, direba yana magana da bakin Maraɗi, ɗan kamasho yana amsawa da bakin Katsina, kowa yana gyaɗa kai alhali ba wanda ya fahimci ɗan'uwansa? Ka gani, ka kau da kai, ka ce ai duk Hausa ce. To, saurari abin da “duk Hausa ce” ta kusa yi wa matan garin Bugaje.

Ranar Laraba, Imrana, mai fiton kaya a Maraɗi, ya bugo wa Baba Ɗantala waya. Shi Ɗantala shekararsa talatin yana sauke kaya da lodinsu a sitonsa na tashar Jibiya, kuma bai yarda akwai abin da ya rage masa ya koya ba.

“Baba, ga koli arba'in nan tafe cikin kamiyon Zubair. Na Bugaje ne, a kula da su.”

“An gama,” in ji Ɗantala.

Da motar ta iso da la'asar, ya sa aka sauke kwalaye arba'in, aka jera su a ƙuryar sito ƙarƙashin rufin kwano, aka datse ƙofa. Takardar rakiyar kayan da Faransanci aka rubuta ta, sai ya tura ta aljihu. A saninsa kayan koli su ne madubi da allura da zare da turare. Allura kuwa ba ta ruɓewa, sai ta jira Lahadi, in motocin Bugaje sun zo cin kasuwa.

Kashegari da hantsi sai ga Inna Hasiya, shugabar ƙungiyar matan Bugaje, a bayan babur.

“Malam Ɗantala, ina dashenmu?”

“Wane dashe, Hajiya?”

“Mangwaro mai aure, daga Maraɗi. Rami ɗari huɗu muka gina da hannunmu, mun zuba taki, ruwa ya sauka shekaranjiya. In ba mu dasa cikin danshin nan ba, wahalar bana ta tafi a banza.”

“Wallahi ko ganye ɗaya ban gani ba. Kayan Bugaje da ke nan koli ne.”

Hasiya ta nemi benci ta zauna.

Salmatu, akawun siton, tana jin su. Wata shida ke nan tana rubuta kalmomin direbobin Nijar a wani ɗan littafi, Ɗantala kuwa kullum yana tsokanarta da “Malama mai ƙamus”. Ta buɗe littafin ta ɗora yatsa.

“Baba, kayan koli Imrana ya ce maka, ko koli arba'in?”

“Mi ya raba dambe da faɗa, ɗiyata?”

“Ana ƙirga kayan koli da arba'in? A wajensu kowane ƙunshi sunansa koli. Kira shi mu ji.”

Aka kira Imrana, aka buɗe murya kowa yana ji.

“Kai Imrana, mi ke cikin kolin nan naka?”

“Dashen mangwaro mana, goma-goma a kwali. Kun dai ba su ruwa ko?”

“Ruwa? Wa ke ba madubi ruwa?”

“Innalillahi! Baba, mu nan ko raƙumi aka sa cikin kwali, koli ne! Ina kuka aje su?”

Ɗantala ya zabura. Tsohon da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ya ruga da makulli, hularsa ta faɗi, bai waiwaye ta ba. Da aka buɗe ƙofa zafi ya bugo su kamar bakin tanda. Salmatu ta farke kwalin farko. Ganyen ya langaɓe, amma tsumman da aka naɗe saiwar da shi yana da sauran laima.

Hasiya ta kankare bawon ɗaya da farce, ta ga kore.

“Da ransu!” Sai ta rangaɗa guɗa.

Nan take tasha ta yamutse. 'Yan dako suka kwashe kwalayen zuwa inuwar bishiyar bedi, mai shayi ya ba da ruwan jarkarsa, Zubair direba ya kwance galan ɗin motarsa, Ɗantala da kansa yana yayyafi da buta yana ba itatuwa haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

“Baba, a shafa musu turare ko a miƙa musu madubi?” in ji Zubair.

“Rufe mini baki, ɗan nema! Kai da ka ɗauko su tun daga Maraɗi, ka faɗa mini?”

“Ka tambaye ni?”

Dariya ta hana kowa magana. Kafin azahar ganye ya fara miƙewa. Guda bakwai ne kawai suka mutu. Aka yi lodin sauran a a-kori-kura, Hasiya a gaba tana ta sa albarka, ta ce 'ya'yan fari na mangwaron, in sun nuna, na Malama mai ƙamus ne.

Ranar Asabar Ɗantala ya zo da gwangwanin fenti ya dire gaban Salmatu.

“Ɗiyata, fito da ƙamus ɗin nan daga littafi. Sa shi a bango, manya-manya, yadda ko ni zan gani.”

Ta rubuta: koli, ƙunshin kaya. Mangaza, sito. Kamiyo, babbar mota. Duwan, kwastan. A ƙasa kuma Ɗantala ya sa ta ƙara tasa dokar: kafin ka rufe ƙofa, tambayi abin da ke ciki.

Bangon yana nan, rabinsa fari fat, yana jira. Kai da ka san wata kalma da take rikita mutane tsakanin Maraɗi da Jibiya, ka daina riƙe ta a baki kana dariyar wanda bai sani ba. Fenti yana wurin Salmatu. Tashi ka je ka rubuta ta yau.