Siminti a Bangon Baba Tobiya

Buhu huɗu na siminti ne suka rage bayan mun gama ginin ɗakuna biyu a gidan surukina a Nukkai, kuma a kicin ɗina aka jibge su. Ranin 1992 ke nan, 'yan watanni bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha, aka kwaso ma'aikata daga Yola har da mijina Andrawus. Gidan haya ya yi wuya a garin, wanda ka samu kuma ko akuya aka ba wa sai ta yi tunani. Sai muka dawo gidan mahaifinsa, Baba Tobiya, muka yi namu ginin na bulo a gefen rijiya.

Andrawus mutum ne da ba ya zubar da komai. Lanƙwasasshiyar ƙusa ma cewa yake za ta yi amfani wata rana. Kullum na ce a fitar mini da buhunan nan sai ya ce, "Maman Rejoice, ki yi haƙuri, ana neman abin da za a yi da su." Shi yana ofis yana nema, ni ina kicin ina tuntuɓe. Sau biyu na fasa ɗan yatsan ƙafa, sau ɗaya na tankaɗe garin masara na ji yana ƙas-ƙas a haƙori. Matiyu birkila, wanda ya yi mana ginin, ya riga ya gaya mini cewa siminti ba ya jiran damina, in ya sha sanyi dutse zai zama a cikin buhunsa.

A tsakiyar gidan akwai ɗakin Baba, ginin ƙasa mai tsohon rufin kwano. Can yake kwana shi kaɗai tun da matarsa, Mama Cecilia, ta rasu a farkon daminar da ta wuce. Bangon gaba ya sha ruwa, ya zaizaye daga ƙasa, ciyawar da aka kwaɓa da ita ta fara leƙowa. Kusa da sabon gininmu sai ya zama abin kunya, ko dai ni ce na ga haka.

Ni da Baba ba mu taɓa samun saɓani ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan bai taɓa kiran sunana Ƙauna ba, 'yata yake ce mini. Ni kuwa na tashi ba uba, don haka kalmar nan ba ƙaramin abu ba ce a wurina. In ya dawo daga gonarsa ta Kona, doyar da ta fi girma a bakin kicin ɗina yake ajiye ta, Andrawus ya yi ta ƙorafi wai an ƙwace masa uba.

Wata safiya na ce masa, "Baba, bangon nan yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka."

Ya ce, "Bar shi, 'yata."

Na ɗauka kawaicin tsofaffi ne, ba ya son ɗora wa kowa wahala. Ban sake tambaya ba, kuma nan ne kuskurena. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni a lokacin gani nake na fi mai ɗakin sani.

A watan Afirilu Baba ya tafi Kona zai yi kwana uku yana gyaran gona. Na dubi buhunan, na dubi bangon, sai na ga dabara ta zo har gida: kicin ya samu sarari, tsoho ya samu bango mai kyau. Na gaya wa Andrawus yana ɗaure igiyar takalmi, ya ce in yi yadda na gani. Shekara goma sha biyar ba ya zaune a gidan, bai san komai game da bangon ba, kamar ni.

Matiyu ya zo ya ƙwanƙwasa bangon, ya girgiza kai. "Madam, siminti da ƙasa ba sa shiri. Sai an sassare bango, a buga ƙusa, a sa waya, kafin ya kama. Aikin sati ɗaya ne."

Na ce, "Kwana biyu gare ka. Jibi Baba zai dawo."

"To in ya faɗi, ba ruwana."

"Na ji. Kai dai shafa."

Bai sassare komai ba. Ya yayyafa wa bangon ruwa, ya kwaɓa siminti, ya yi ta watsawa da cokalinsa yana lailayewa. Kafin yammacin rana ta biyu bangon gaba da gefe ɗaya sun yi sumul. Na share kicin ɗina tas, na mai da tukwane inda buhunan suke, na zauna ina jiran godiya.

Baba ya shigo da la'asar, fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon ɗakinsa. Sannan ya matsa, ya ɗora tafin hannunsa a jikin simintin, gefen ƙofa ta dama, daidai kafaɗarsa. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, kamar mai neman abin da ya faɗi. Ni ina tsaye ina murmushi.

Ya ce, "An gode, matar Andrawus." Ya shiga ɗaki.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na san inda zan kama. Yana cin tuwona, yana amsa gaisuwata, doya ma bai fasa ajiyewa ba. Sunan nan kawai ya ɗauke. Safe da yamma matar Andrawus, kamar jiya aka kawo ni. Kwana biyar ina jin abin yana ci na a rai ban san laifina ba.

Maƙwabciyarmu Adda Aisatu, mai soya ƙuli-ƙuli, ƙawar Mama ce ta shekara talatin. Na je sayen man gyaɗa, ta dube ni ta ce, "Ke ne ya rufe hannun Cecilia?"

Na ce, "Wane hannu, Adda?"

"Ke ba ki gani hannu a bakin ƙofa ba? Duk rani shi yana taka ƙasa, ita yana shafa bango. In sun gama sai ita ya danna hannu a gefen ƙofa, wai a san waye ya yi aiki. Na bara shi ne na ƙarshe. Bayan wata biyu ita ya kwanta, bai tashi ba." Ta zuba mini man a kwalba ta toshe bakin da tsumma. "Tsohon nan kullum da safe sai ya sa hannunsa a ciki kafin ya tafi gona. Ni ina gani daga nan. Shi ya sa ya ƙi sabon yaɓe."

Na ga hannun, ba zan yi ƙarya ba. Kullum ina wucewa ta wurin da tsintsiya. Na ɗauka wasan yara ne a jikin ɗanyar ƙasa. Na fito daga gidan Adda na manta da kwalbar man, sai da ta biyo ni da ita. Kunya da baƙin ciki suka haɗu mini, har na rasa wanda ya fi.

Da yamma na durƙusa a gaban Baba na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, matar Andrawus. Aikin gama ya gama. Alheri kika nufa." Andrawus ma ya je ya ce laifinsa ne, shi ya ba da izini. Baba ya ce masa ai ba a yi laifi ba. Na koma wurin Matiyu na tambaye shi ko za a iya ɓamɓare simintin a hankali. Ya ce in aka sa kurfi da guduma, ƙasar za ta biyo shi, hannun ba zai tsira ba. Ya ƙara da cewa shi dai ya faɗa tun farko. Gaskiyarsa ce.

Damina ta sauka. A watan Yuli siririyar tsaga ta fito daga saman ƙofa ta gangaro ƙasa. A watan Agusta in ka ƙwanƙwasa bangon sai ya amsa kamar ganga. Danshi yana hawowa daga ƙasa ba shi da hanyar fita, gara kuma ta samu inuwa tana aikinta a ɓoye. Duk ranar da Matiyu ya wuce sai ya leƙo ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Madam, yana zuwa." Na yi gyaran gangar Auzinawa: na rufe hannun Mama, ga shi kuma bangon da na ce zan ceta yana lalacewa fiye da da.

Simintin ya faɗi ranar wata Talata a watan Satumba, da tsakar rana, bayan an kwana uku ana ruwa. Ina kicin na ji rugum. Na fito da gudu, na tarar Baba yana zaune lafiya a ƙarƙashin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya, simintin gefen ƙofa kuma ya kwanta a ƙasa, ya rabu gida uku. Idona ya tafi kan bangon kai tsaye. Ba hannu, ba alamarsa. Ƙasar ta ruɓe, hanyoyin gara sun ratsa ta ko'ina. Ashe duk watannin nan ina riƙe da ɗan fata cewa hannun yana nan a ƙasan simintin. Baba ya taso ya duba, ya koma kan fartanyarsa.

Na ɗauko kwando na fara kwashe ɓaraguzan ina share hawaye da gefen zani. Na kwashe ƙanana, na zo kan babban, wanda ya kai faɗin faifai biyu. Ya faɗi ne a kan fuskarsa, bayansa yana sama da jar ƙasa manne a jiki, kuma ya kwanta daidai inda ruwan kwano yake ɗiga. Ɗigon ya wanke gefe ɗaya. Na sunkuya zan ɗaga sai na ga wani abu kamar kan yatsa.

Na ɗauko buta na zuba ruwa, ina goge ƙasar da hannuna. Yatsa biyu suka fito, sannan uku, sannan tafin gaba ɗaya. Simintin da Matiyu ya watsa ya shiga ramin hannun ya cika shi, ya bushe da siffarsa. Ga ƙaramin yatsan nan da ya lanƙwashe tun da taɓarya ta taɓa buge shi, wanda na sha gani in tana miƙo mini ƙwarya. Da na bar Matiyu ya sassare bangon yadda ya so, da babu abin da zai rage.

Na ce, "Baba, zo ka gani."

Ya zo ya tsuguna. Ya miƙa hannun dama kamar yadda ya saba, bai zauna ba, don yanzu ba rami ba ne, hannun ne kansa ya taso yana fuskantarsa. Ya sauya na hagu, yatsa ya hau kan yatsa. Ya daɗe a haka, ruwan kwano yana ɗiga masa a wuyan riga bai kula ba. Da ya miƙe sai ya ce, "A kai shi ciki. Kada wani ya taka." Mu biyu muka ciccibe shi muka jingina a gefen gadonsa.

Na yi zaton daga ranar sunana zai dawo. Bai dawo ba. Ya daina cewa matar Andrawus, amma bai sa wani a madadinsa ba, sai dai "ke" ko "sannu da aiki". Na haƙura, don ba ni da bakin tambaya.

Muka tokare bangon da itace muka rufe shi da tsohon kwano har ruwa ya ɗauke. A watan Fabrairu Baba ya sa aka kawo jar ƙasa, ya yanko ciyawa, aka jiƙa kwana uku. Matiyu ya sauke sauran simintin, bai fasa tuna mini da maganarsa ba. Andrawus ya naɗe wando ya taka ƙasa ranar Asabar, bayan minti goma ya ce ƙugunsa, Baba ya karɓe shi. Shafar bango kuwa aikin mace ne a gidan, kuma ba wata mace sai ni. Ban taɓa yi ba. Baba yana tsaye a bayana yana cewa in fara daga ƙasa, in jiƙa hannu, kada in yi kauri a wuri ɗaya. Adda Aisatu ta leƙo ta katanga ta ce bangona ya yi tudu da kwari kamar hanyar Kona, amma zai tsaya.

Muka gama kafin rana ta yi zafi sosai. Bayana kamar zai karye, ƙasa har gwiwar hannu. Na nufi bakin rijiya zan wanke.

Baba ya ce, "'Yata, ba a gama ba. Bakin ƙofa ya rage."

Na tsaya da guga a hannu, na kasa juyowa nan da nan. Da na dawo ya nuna mini wurin, gefen dama, daidai kafaɗarsa. Na ɗora tafina a kan ɗanyar ƙasar, tana da sanyi. Ya ce in ƙara dannawa sosai, don ya kai wani ranin.