Buhun Dawa a Kujerar Gaba

Duk mutumin unguwar Rikoto a Zuru ya san motar Saje Aaron, ya kuma san abin da ke zaune a kujerar gabanta: rabin buhun dawa. In ya tsaya zai rage maka hanya, baya za ka shiga, ko da kai dattijon coci ne. Dawa tana gaba ta hakimce abinta. Mutane sun yi gulmar har sun gaji, ba wanda ya iya tarar tsohon sojan ya tambaye shi dalili.

Motar irin ƙananan jif ɗin nan ce masu ɗan tudu, ruwan toka. Ɗansa Philip ne ya aiko da ita daga Fatakwal, don ya gaji da jin labarin tsoho da tsohuwa sun faɗi a kan babur. Ta kuwa dace da Zuru. Ba ta goga ciki a ramuka, in aka kwantar da kujerun baya tana cin buhu huɗu ba gardama. Saje yana kula da ita yadda ya kula da bindigarsa a bariki. Kullum da safe sai ya duba baƙin mai da ruwa, ya ɗan taka tayoyin, ya goge gilashi, ko da ba inda za shi.

Aibinta ɗaya, tsegumi. Mutum ya zauna a gaba bai ɗaura bel ba, da an fara tafiya sai ta kama ƙara, ɗin, ɗin, ɗin, ba ta gajiya. Matarsa Magdalene kuwa ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure a kai kasuwa.

Shi Saje ba mai magana ba ne tun fil azal. Shekara bakwai ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi aure, kuma an ce a duk shekarun surukinsa bai ji ya haɗa kalma goma ba. Aikin soja ya ɗauke shi shekara talatin, ya dawo da shi bakin ya ƙara nauyi. A gida daga “to” sai “a’a”. Amma ƙarar nan tana hawa masa kai. Sai ya fara faɗa a kan bel, ya gangara kan taurin kan Magdalene, ya koma kan wata motar soja da ya ga ta kife a Laberiya, da mutanen da ke ciki, da sunayensu. Ita tana kallon waje ba ta tanka ba. Sai sun kusa isa ta ja bel ɗin ta danna.

Ranar da ya kai ta asibiti, jikinta ya yi zafi, ta jingina kai da gilashi. Motar ta fara ƙararta. Tsoro ya cika masa ciki, ya rasa inda zai sa shi, sai ya daka mata tsawa: “Ko yau ma sai kin sa ni magana?” Ta lalubi bel ɗin da ƙyar ta ɗaura. Kafin su isa ta daina gane mutane, bayan kwana biyu ta rasu. Wannan ce maganar ƙarshe da ta ji daga bakinsa, kuma ita ke cin sa. Yana ganin ta tafi da tunanin ita kaya ce a wuyansa.

Bayan an yi jana’iza baƙi suka watse, Philip ya koma aiki. Gidan ya yi shiru, amma shirun motar ya fi ciwo. Zai je coci ya dawo, ba abin da yake ji sai tayoyi a kan kwalta. Rannan da kaka, bayan motar ya cika, wani manomi ya ɗora masa rabin buhu a kujerar gaba. Yana taka totur motar ta ɗauka mutum ne, ta kama ƙara. Saje ya gangara gefen titi ya tsaya. Tun ranar buhun bai sauka ba.

Shekara ta zagayo. Wata ranar kasuwar Mahuta da hantsi, ya fita don kawai motar ta motsa jiki, sai ya hango wata tsohuwa a bakin hanya da kwandon daddawa. Talatu ce, wadda rumfarta ke jikin ta Magdalene a kasuwa shekara ashirin. Tun bayan rasuwar ta tafi wajen ’yarta a Birnin Kebbi, bai san ta dawo ba. Suka gaisa, ta ga buhu a gaba, ta shiga baya.

Suka hau hanya, ƙarar ta tashi. Yawancin mutane a nan suke cewa Saje ya taimaka ya ɗaura wa buhunsa bel. Talatu sai ta yi dariya, dariyar ta ƙare da goge ido da bakin mayafi.

“Baban Philip, ashe wagga ita ce ƙarar. Kullum ina jin labarinta, yau na ji ta da kunnena.”

“Wane labari?” in ji Saje.

“Maman Philip mana. In ta zo rumhwa da hwara’a, na san kun yi hwaɗan mota. Sai ta aje kaya ta ce man, Talatu, yau ya yi magana tun daga gida har ƙohwar kasuwa. Ta ce shekara arba’in tana neman abin da zai buɗe bakinka, sai ga shi Philip ya aiko shi cikin ƙarhe.”

Saje bai juyo ba. Ya rage gudu a wani rami da bai kai a rage masa gudu ba.

“Cewa ta yi bel ɗin na takura mata,” ya ce.

“Wane takura? In munka shiga motar haya ta samu gaba, ita ka hwara ɗaurawa tun direba bai ce ba. Duk sunayen abokanka na Laberiya ta sani. Har ni ta koya man su.”

Ya sauke ta a bakin kasuwa, ya sauko mata da kwandon da kansa. Ta yi godiya ta shige cikin mutane. Bai sayi komai ba, ya juya kan motar zuwa Zuru.

Hanyar ba kowa sai masu babur jefi-jefi, duwatsu sun yi jawur da rana. Ɗin, ɗin, ɗin. Ya daɗe yana saurare, baƙin ciki da wani sanyi suna haɗuwa a ƙirjinsa. Can ya gyara murya, kamar mai shirin ba da rahoto a gaban ofisa.

“Magdalene,” ya ce, “akwai wanda ban taɓa gaya miki ba. Sunansa Mika, shi ke tuƙin motar ranar da ta kife.”

Ya ci gaba da ba ta labarin. Ya iso ƙofar gidansa bai gama ba, sai ya wuce, ya ɗauki hanyar Kanya.